Fatihar da na yanke wa malamin Kafur

Ina cikin karanta wa Baffa maƙalata da ta fito a mujalla, a zaurensa na Maska, sai ya ɗaga hannu.

"Dakata. Wannan ai bayanin maganin ƙuduji ne, ciyawar nan mai kashe dawa, da ke cikin gafakar kakanmu."

Gaskiya ya faɗa. Tsohon rubutun ajami ne, tun kafin zuwan Turawa. Na mayar da shi boko na sa sunana, don ina neman ƙarin girma a wurin aiki. Na ɗauka ai kayan gidanmu ne.

Baffa ya jawo gafakar, ya zaro rubutun, ya ɗora yatsa a shafin ƙarshe.

"Ba na kakanmu ba ne, kwafo shi ya yi. Ga sunan mai shi, wani malamin Kafur, ga roƙon duk wanda ya karanta ya yi masa Fatiha. Ba wanda ya taɓa tsallake layin nan. Kai da ka baza shi duniya, mutum nawa suka yi masa?"

Ni kuwa ban sa layin nan a maƙalar ba.

Yau kwana uku na kasa sukuni. Na rubuta wa mujallar takardar janye maƙalar, na goge, na sake rubutawa. Jibi kwamitin ƙarin girma zai zauna. In na aika, girman ya tafi, wataƙila har da aikin.

Ni kaɗai na yi masa Fatihar, takardar kuwa har yanzu tana wayata.

Jama'a, in ku ne, za ku aika kafin jibi?