Ranar da Mma ta karɓi igiya a kurmi

Sau uku abin da muke saƙawa yana wargajewa a hannunmu.

Mu goma sha biyu ne, matan unguwannin Zongo da Adidogome na Lome, a wani ɗan kurmi bayan gari. Wata madam mai koyar da zane ce ta haɗa mu, mu saƙa ƙatuwar sheƙar tsuntsu a tsakanin bishiyoyi biyu, da ganyen kwakwa da igiyar rama kawai, ba ƙusa ba waya.

Mahaifiyata, Mma, rakiya ta yi min. Ta samu inuwa ta zauna tana kallonmu, ita da ta shekara talatin tana saƙa tabarma a ƙofar gida.

Da ya sake wargajewa, sai ta taso ta murza ganyen a hannunta.

"Rabi, gaya wa madam ganyen ya bushe. A jiƙa shi tukuna, kuma daga ƙasa ake fara ƙulli."

Na rage murya na ce, "Mma, ita fa a Faransa ta karanto wannan aikin."

Ta ce, "Na ji. Amma ganyen nan na Lome ne."

Da kunya na fassara wa madam, don ba ta jin Hausa. Sai madam ta miƙa wa Mma igiyar, ta tsaya a gefenta tana kwaikwayon hannunta. Kafin la'asar sheƙar ta tsaya daram, har mutum huɗu suka shiga suka zauna.

Duk shekarun da na yi a makaranta, in aka tambayi sana'ar uwata, "zaman gida" nake rubutawa. Jiya da kunnena na ji madam tana kiranta malama.

Ku fa, wace sana'a ce a hannun iyayenku da kuka daɗe kuna wuce ta ba ku duba ba?