Kunyar 'Yar Fari Ta Raba Ni da Goyona

Edita, a lokacin shekarata ashirin, ina aure a wani ƙauye bayan Doguwa. Mijina ya tafi cirani Kudu, ya bar ni da goyon wata takwas, 'yata ta fari. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban surukai. Ni kuwa har kwatance ake yi da kunyata, ina jin daɗi.

Da kaka muka shiga kalar masara a gonar wani attajiri, mu huɗu, muna zaton ya gama kwashewa ya saki gonar. Ashe da saura. Aka ce sata muka yi. Sata! Abin da na tsinta ko kwano biyu bai cika ba. Alƙali ya yanke mana wata shida, ya ce wani gari mai nisa za a kai mu, don gidan yarin kusa ba ɓangaren mata. Sai ya tambaya ko akwai mai shayarwa, a haɗa ta da ɗanta. Na ɗaga ido, ga surukina a bencin gaba, yarinyar kuma tana waje a bayan kakarta. Wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Na sunkuyar da kai, aka rubuta babu.

A mota nono ya jiƙe min riga sharkaf. Na yi ta roƙon ma'aikaciyar da ke tsaronmu, ta ce da aka tambaya ina bakina yake, takarda ta riga ta wuce. Nonon shanun rugar Fulanin maƙwabtanmu ne ya raya yarinyar. Ranar da na dawo na miƙa mata hannu, ta ƙwalla ƙara ta ƙanƙame kakarta.

Ban yi nadamar kala ba, yunwa ce ta kai ni, kuma ni ba ɓarauniya ba ce. Shirun nan nake kuka da shi. Yanzu tun daga ƙofar gida har bakin rijiya nake ƙwala wa yarinyar kira da sunanta. Tsofaffi na cewa kurkuku ta cire min kunya. E, ta cire, ba na kuma neman ta dawo. Mata 'yan'uwana, duk inda aka tambaye ku ɗanku, ku buɗe baki ko wa ke zaune. 'Yata shekararta bakwai yau. Kakarta take kira Inna, ni kuma Yaya.