Sannu-Sannu, Wanda Ya Ce Laifin Tanda Ne

Yau Juma'a. Na tashi da kumburin ƙafa, ƙirjina yana kukan da ya saba, hannun dama kuma sai na tallafe shi da na hagu kafin ya riƙe alƙalami. Ba ni da ƙarfin zuwa gaisuwa, shi ya sa nake rubutawa.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, sha ɗaya ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran mai gyaran kayan lantarki na layinmu, wanda kowa ya sani da Sannu-Sannu. Da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Sannu-Sannu, ba a banza aka sa maka wannan suna ba. Kafin ka taɓa na'ura sai ka shinshina ta, ka kasa kunne, ka tambayi mai ita yadda abin ya faro. Masu gaggawa suna ƙorafi, amma wurinka suke komawa. Kai ne ka lura hannuna ya daina kaiwa sakatar ƙofa, ka sauke ta ƙasa ban roƙe ka ba. In ka wuce ta tagata sai ka ce, "Ango, an tashi lafiya?" alhali na girmi mahaifinka.

Tun rasuwar matata ni nake dafa wa kaina abinci a tandar lantarki da ta bari. A bana abinci ya fara ƙonewa. Dankali ya zama gawayi, kifi ya zama gawayi, ran nan hayaƙi ya cika gida har maƙwabta suka buga ƙofa. 'Yata ta ce mantuwa ce ta kama ni, ina mirɗa makunni fiye da kima. Ta yanke shawara da mijinta in koma wurinsu, a ba da wannan gida haya. Na rantse mata ban canza komai ba. Ta ce, "To, Baba," da muryar da ake lallashin yaro. Har ni kaina na fara shakkar kaina.

Ranar Alhamis ta makon jiya ka zo da jakarka. Ka ce, "Baba, tsakaninka da tandar nan ɗaya ya rikice. Bari mu ga ko wane ne." Ka duba robar bakin ƙofa, lafiya lau. Ka sa ma'aunin zafinka a ciki, ka ce in mirɗa makunni da hannuna kamar yadda na saba. Muka zauna muna jira. Tanda tana nuna matsakaicin zafi, ma'auninka kuwa ya wuce nan nesa, kuma yana ta hawa.

Sai ka zare waya daga bango, ka bari tandar ta huce, ka kwance wani siririn ƙarfe kamar fensir daga bangon ciki. Ka ce shi ne sansa, shi ke gaya wa tanda zafin da ta kai don ta dakata. Ka ɗora masa mita, ka tsoma bakinsa a ruwan zafi, lambar ta ƙi motsi. Ka ce, "Ka gani? Wannan ne maƙaryacin. Yana ce mata da sauran sanyi, ita kuma tana ta zuba wuta. Kanka ƙalau yake, Ango."

Na juya fuskata bango. Ka yi kamar kana neman sukudireba har na gama share idona.

Ka tafi da ƙarfen don ka samo irinsa. Ka ce in an samu za ka maimaita gwajin a gaban 'yata, ta gani da idonta. Allah bai nufa ba.

Ranar Talata 'yata ta zo, na ba ta labari duka. Ta buɗe tanda, ta ga rami da wayoyi biyu suna reto, ta tambaye ni a hankali ko ni na kwance. Na ce mai gyara ne. Ta ce ina yake? Na ce jiya aka binne shi. Sai ta fara naɗe mini kaya. Gobe Asabar mota za ta zo.

Ina jin kunyar kawo damuwata cikin ta'aziyyarka, ga matarka da 'ya'yanka cikin abin da ya fi nawa. Amma ban san yadda zan faɗi alherinka ba sai ta nan. Kai kaɗai ka gwada kafin ka yanke mini hukunci.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, da 'ya'yanka, da mahaifiyarka da ta ga wannan rana, da dukan 'yan'uwa. Allah Ya ba su haƙuri, Ya raya abin da ka bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshe.

Jiya matarka ta aiko cewa ƙaninka zai duba jakar aikinka, in ya ga ƙarfen da mitar ya kawo mini yau kafin la'asar. Na ja kujera bakin ƙofa, na zare sakata. Ga shi an kira magariba, bai zo ba.