Kwabon da Salimatu Ta Huda

Baba Abdulgafaru bai taɓa tara kuɗi ba, amma duk kasuwar Tamale babu wanda ya kai shi sanin su. Shekara talatin yana zaune bakin rumfar 'yan goro da ɗan dutsensa. Ka kawo sule ya buga a kan dutsen, ya karkata kunne, ya ce maka na gaske ne ko jabu. In kwabo ya zo a karkace, kallo ɗaya zai ce daga gidan buga kuɗi ya fito haka, ko kuwa keken shanu ne ya taka shi. Sunan nan shi ne dukiyarsa, kuma wallahi yana ji da shi.

Da aka sami 'yancin kai, sai aka kawo sabon kwabo marar huji. Ran nan ya tsinci ɗaya a canjin da aka ba shi, sabo fil, ga huji a tsakiya irin na tsohon kwabon Turawa. Kai, ranar ba mu sha ruwa ba! Ya rantse gaban jama'a cewa maƙeran gwamnati ne suka manta suka sa shi a tsohon inji. Ticha Kwasi, wani malamin makaranta mutumin kudu mai tara tsofaffin kuɗi, ya ce zai rubuta takarda, gobe ya aika wa jarida a Ankara, babban birnin ƙasar, da sunan Baba a ciki.

Ya koma gida yana taƙama, ya nuna wa matarsa Salimatu. Ta duba, ta kwance wani zare daga ƙugunta. Ga irinsa nan jere, duk hudaddu.

"Maigida, kuɗin da ba a zura wa zare ai zubewa yake. Awudu maƙeri ke huda mini, ya goge bakin da kyau. Da su nake cefane a kasuwa."

Tuwo bai shiga bakin Baba ba ranar. Da ya yi shiru, wa zai sani? Amma da sassafe muka gan shi ƙofar makaranta, zaren a hannu, kunya kamar ta kashe shi.

"Ticha, yaga takardar nan. Na yi shekara talatin ina duba aljihun mutane, ban taɓa duba abin da matata ke ɗaure da shi ba."

Ticha ya yaga. Mu kuwa muka dinga kai masa sulallanmu har ya rasu, muna yi masa dariya, muna yarda da duk abin da ya ce.