Sunan Kawu a Littafin Banda

Littafin ya fito bayan duk mun fid da rai da shi. Marubucinsa ɗan ajinmu ne a jami'a. Shi ya ci gaba da karatu har ya zama dokta a fannin tarihi, ni kuma na tsaya a koyar da 'yan sakandare a nan Maiduguri. Da ya tashi yin bincike kan cinikin banda tsakanin Tafkin Chadi da kudu, sai na haɗa shi da Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ya tsufa a Kasuwar Kifi ta Baga Road.

Kawu ba mai sakin baki ga baƙo ba ne. Ko mu da muka taso a gabansa, sai ka yi tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya. Amma da ya ji za a rubuta a littafi, sai ga shi yana ture ciniki gefe yana zuba. Ya ba da labarin mahaifinsa, wanda ya fara da kwalekwalen aro har ya zama fatoma, mai saukar da fataken kudu a gidansa yana nemo musu kifi. Ya faɗi yadda ake ɗaure banda a tabarma kafin zuwan kwali. Kawu ba shi da hoton mahaifin nasa, kuma tun da fitina ta raba su da garinsu na bakin tafki, ko kabarinsa bai ƙara gani ba. Shi ya sa duk zama sai ya sa dokta ya maimaita sunan tsohon, ya nuna masa inda ya rubuta, duk da boko bai dame shi ba.

Kafin a buga ko shafi ɗaya, babu wanda bai sani ba a layinsu cewa Kawu da mahaifinsa sun shiga littafi.

Ranar da kwafina ya iso na zauna da shi a tsakar gidanmu a Umarari. Turanci ne mai nauyi, irin wanda malaman jami'a ke rubuta wa junansu don kada mu talakawa mu leƙa. Na yi ta haƙuri da babin farko, inda ake ta jayayya da wasu masana da ba su taɓa jin warin banda ba. Can a tsakiya na tarar da Kawu. Kwalekwalen aron yana nan, tabarmar tana nan, har da wata dariyar da ya yi an rubuta. Sunan ne kawai ba nasa ba. Na koma gabatarwa, na ga an ce an sauya sunayen duk waɗanda aka zanta da su domin kare su.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sunan da dokta ya laƙaba wa Kawu, sunan maƙwabcin rumfarsa ne sak, mutumin da suke gaisawa sama-sama saboda ƙwacen masu saye. Albasa yake sayarwa a Gamboru kafin ya shigo kifi jiya-jiyan nan. Mahaifin Kawu kuwa ba a ba shi suna ba sam, sai dai a ce mahaifin wane.

Na kira dokta raina a ɓace. Ya yi mini bayani cikin natsuwa, irin natsuwar da ke ƙara tunzura mutum. Wai ƙa'idar bincike ce, kwamiti ba zai amince da ainihin suna ba, balle a wuri irin namu. Wai sunan da ya fi yawa ya ɗauka don kada a gane kowa. Na ce na yarda akwai waɗanda ɓoye sunansu rahama ne, amma ya tambayi Kawu? Ya ce akwai takardar da ya karanta masa tun farko. Na tuna takardar. Da Turanci ya karanta, ya fassara a gurguje, Kawu yana cewa to, to, yana auna wa wata mata kifi. Ya ce za a duba a bugu na biyu. Ni dai ban taɓa ganin irin waɗannan littattafan sun kai bugu na biyu ba.

Ina cikin tunanin yadda zan tari Kawu, ashe labari ya riga ni. Ɗan maƙwabcin ɗalibi ne, wani ya turo masa hoton shafin a waya. Da na isa kasuwa da la'asar na tarar ana shiga rumfar mutumin ana yi masa murna. Shi kuma bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne. Hamdala kawai yake yi yana gyara hula, abin ya ƙara ƙona mini rai.

Kawu yana zaune a kan bencinsa tsakanin kwalaye. Na gaishe shi, na miƙa masa littafin. Ya juya shi, ya shafa bangon, bai buɗe ba. Na jero masa duk abin da dokta ya ce, har da kwamitin, ina yi ina jin kunyar bakina. Ya saurara har na gama, sannan ya tambaye ni ko labarin kwalekwalen yana ciki. Na ce yana ciki, babu abin da aka rage.

"Mahaifin wa aka ce?"

Na nuna masa da haɓata rumfar da ake murna.

Ya daɗe yana kallon wajen. Ya miƙo mini littafin da hannu biyu.

"'Yata, kai masa," ya ce. "Ni na ɗauka sunana kawai suka ba shi. Ashe har da ubana."