Ajiyar da Saliha Ta Ba Iya Olabisi

Duk wanda ya san layin teloli a kasuwar Azare ya san Saliha, mai keken ɗinki na uku daga bakin titi. Hannunta na da kyau, sai dai in ka kai mata ɗinkin Sallah, ka sa rai da na Maulidi. Ba ƙiwa ce ta hana ta ba, waya ce. Za ta ce bari ta kalli bidiyo ɗaya ta huta, kafin ta ɗago an kira azahar.

Ita kuwa 'yar Malam Jalo ce, tsohon hedimasta a garin Katagum, wanda ya koya mata karatu tun ba ta shiga aji ɗaya ba. Da yanar ido ta rufe masa gani, abu ɗaya ya roƙa: ta riƙa zuwa ran Juma'a tana karanta masa littattafansa da ke cikin adaka.

Zuwan farko ta buɗe littafi, ta yi layi biyar, hankalinta ya gudu. Ta koma farko, ya sake gudu. Ba ta san sa'ad da hannunta ya laluba jaka ba, sai kiɗan waya ya tashi a ɗakin tsoho.

"Rufe littafin, Saliha," in ji shi a hankali. "Ni ido na rasa. Ke kuma ban san abin da kika rasa ba."

Ta yi kuka tun daga Katagum har Azare, littafin na cikin jakarta. Shekara talatin da huɗu, 'yar hedimasta, shafi guda ya gagare ta! Ga tsohon kullum ƙara ramewa yake, ta san ba Juma'o'i da yawa suka rage musu ba.

Washegari ta kai wayar wurin Iya Olabisi mai sayar da kwanuka, wadda ta yi shekara ashirin a layin. Suka yi alkawari: kullum daga safe zuwa la'asar, ko Saliha ta yi birgima a ƙasa, kada a ba ta. Iya Olabisi mace ce da ba ta wasa da amana. Ta kashe ƙarar wayar, ta jefa cikin kula, ta ɗora kwanuka a kai.

Makon farko Saliha ta sha wuya. Yatsanta na motsi shi kaɗai a kan takarda kamar tana shafa waya, ta je roƙo sau uku, aka koro ta. Sannu a hankali shafi ya zama uku, uku ya zama goma. Ta ƙi komawa Katagum, wai sai ta iya babi guda ba tuntuɓe, don kada ta sake jin kunya a gabansa.

Ran wata Laraba ta gama babin. Da la'asar ta karɓi wayarta tana murna, sai ta ga kiran yayanta Abdulrashid har sau goma sha ɗaya.

Ta faɗa motar farko da ta samu, littafin a hannu. Kafin ta isa, maza sun dawo daga maƙabarta, ana shimfiɗa tabarmin zaman makoki a ƙofar gida.

Abdulrashid bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Tun hantsi Malam yake cewa a kira ki," in ji shi. "Muka yi ta ce masa ya kwantar da hankali, ke ba kya rabuwa da waya, yanzu za ki ɗauka."