Dama da Hagu a Ɗakin Kati

Ranar da aka kawo sabon littafin lambobi muka yi faɗa da Auta, faɗan da har marasa lafiyar da ke kan benci suka manta da ciwonsu suka miƙo wuya. Littafin kauri gare shi kamar bulo. Ɗaga shi kawai na yi don in goge teburin, sai ta ce, "Yaya, hannunki a jiƙe yake."

Na ce, "Da wannan jiƙaƙƙen hannun na yi miki tsarki, Malama."

"Ni ba abin da na ce ba ke nan."

"Abin da kika ce ke nan, tabarau kawai kika sa masa."

Auta ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara na ba ta. Ni aka bar wa tulu da goyo, ita aka saya wa allo da jaka. Ba wani kai ta fi ni ba, lokacinta ne ya zo daidai da sanda Baba ya samu aikin gadi. Ni na fara shiga asibitin Likita da tsintsiya da bokiti, ni kuma na roƙa mata aiki da ta gama makaranta. Kafin a yi wata guda an ba ta ɗakin kati, da kujera mai juyawa, da fanka, da makulli a wuya. Shekara talatin ina share ƙarƙashin kujerar nan, ita kuma tana ɗaga ƙafa don in wuce. Ko ɗaga ƙafar ma da ladabi take yi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Mace ce marar hayaniya. Ta auri wani makaniki mai haƙuri, ta haifi ɗa ɗaya, ya kuma yi albarka. Ni na haifi shida, ban son a tambaye ni. Aikinta, kowane ciwo da Likita ya rubuta ta ba shi lambarsa a kati. Zazzaɓi da lambarsa, hawan jini da tasa. Ta haddace su kamar sunayen 'ya'yan maƙwabta. Likita ba ya kiranta sai da "Malama". Ni kuwa "Iya, an zubar da ruwa a baranda."

To sai ga sabon tsari. Aka ce tsofaffin lambobi sun mutu, kowane asibiti ya koma sababbi kafin ƙarshen wata, a zuba su a kwamfuta, kuma mai dubawa zai zo. Ina goge taga na ji Likita yana ce mata, "Malama, idan abin ya yi miki nauyi, akwai wata yarinya da ta yi kwas, sai ta karɓi ɗakin." Saura shekara biyu ta yi ritaya da mutuncinta. Ba zan yi ƙarya ba, a ranar, da ɗan waƙe-waƙe na ƙarasa sharar.

Ta zauna ta koya. Ta lilliƙa takardu a bango, ta koya wa nas, ta koya wa Likita kansa, da yatsa ɗaya tana caccakar kwamfuta kamar kaza. Amma sababbin lambobin suna da wata tsirfa: ba su yarda a ce ciwon gwiwa a yi shiru ba, sai an faɗi wace gwiwa. Ido, wane ido. Kunne, kafaɗa, duk haka. Tsofaffin katunan kuwa ba su faɗa ba. Kati ɗari uku da wani abu ta ware a kwali, masu su wasu sun ƙaura, wasu ba waya, wasu sai ciwo ya tashi ake ganinsu.

Kwana huɗu ba ma magana. A na biyar ta same ni a bayan asibiti ina matse tsumma.

"Yaya."

"Hannuna a jiƙe yake."

"Majinyacin nan namu Tela, wace ƙafa yake ɗingisawa?"

Ni da nake tsaye a bakin ƙofar nan shekara talatin, ina tarbar kowa, ina kama hannun tsofaffi su hau matakala? Na ce, "Dama." Ta ce matar direba fa, wane ido? Na ce hagu. Mai walda? Kafaɗar dama, tun da ƙarfe ya faɗo masa. Ta tsaya tana kallona kamar yau ta fara ganina.

Sati biyu muka yi a ɗakin kati. Ta jawo mini kujera, fankar nan ta busa ni a karon farko ina zaune. Ta karanto mutum, in rufe ido in gan shi yana shigowa ta ƙofa, in faɗi gefen, ta rubuta. Na ja mata rai iya ja. Wani lokaci in ce na manta, sai ta ce "Don Allah, Yaya," sannan in tuna. Duk da haka idan Likita ya leƙo, cewa yake, "Sannu da ƙoƙari, Malama." Ni ko kallo.

Ana gobe mai dubawa zai zo, Tela ya zo karɓar magani. Nas ta ɗauko katinsa tana karantawa da ƙarfi: "Gwiwar hagu." Tsintsiya ta tsaya a hannuna. Na ce ta karanto mini na matar direba. Idon dama. Mai walda, kafaɗar hagu. Duk abin da na faɗa, Auta ta juya shi.

Na san abin da ya kamata in yi, in ja ta gefe in tambaye ta. Ban yi ba. Ofishin Likita na faɗa ko sallama babu, na ce, "Malamar taka ta ɓata maka katuna. Ni na faɗa mata gaskiya, ta rubuta akasi don kada a ce mai shara ta fi ta sani. Gobe ka ji kunya." Fuskarsa ta canza. Ya sa aka kira ta, ya ce idan haka ne yau za ta ajiye makulli. Na ga hannunta ya kai wuya, ya dafe shi.

Ta ce, "A kira Tela."

Ya shigo yana ɗingishi. Likita ya ce wace gwiwa ke damunsa. Ya buga ta da tafin hannu, ya ce, "Wannan ta hagun mana, shekara goma sha wani abu."

Ina tsaye a gabansa, fuska da fuska. Na miƙa hannuna na dama na nuna ta, na ce, "Ga ta nan a dama, kai ma ba ka san jikinka..." Sai maganar ta maƙale.

Tela ya ce, "Iya, damarki ce, ba tawa ba. In haka nake yanka wa mutane hannun riga, da tuni an kore ni daga unguwa."

Nas ta toshe baki ta fita. Auta ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Yaya daga bakin ƙofa take ganin mutane suna shigowa. Tun muna yara take cewa idon Baba na dama ne ya mutu, alhali na hagu ne. Shi ya sa nake juyawa. Na gwada da mutum arba'in da na samu a waya, ko ɗaya ba ta kuskure ba, Likita. Ba don ita ba da ban gama ba."

Ka ji fa. Na zo in tuɓe ta, ta lulluɓe ni. Ko a nan sai da ta fi ni.

Mai dubawa ya zo, ya zari katuna ashirin, ya sa hannu ya tafi. Yarinyar kwas ba ta zo ba. Auta ta cika shekarunta biyu a kan kujerarta, aka yi mata walima, aka ba ta agogon bango. Ni Likita ya fara ce mini "Hajiya Iya", ban san inda za a rataya wannan ba. Maganar ofis kuwa ba ta taɓa tayar da ita ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba. Na yi ta jira ta goranta mini don in samu abin faɗa, ta ƙi.

Ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa garin da yake aiki, a mota mai sanyi. Can ta rasu bara, kafin in haɗa kuɗin zuwa. Ranar tafiyar na ga tana jan ƙafa wajen shiga motar, zaman kujera ya ci mata gwiwa, ni mai tsintsiya garau nake. Na riƙe ƙofar, ina da magana cike da baki. Ta ɗago tana jira.

Na ce, "Ki sa a duba miki gwiwar nan ta hagu. Hagunki, Malama, ba nawa ba."